Takardarka ta gaskiya ce, amma wa ya san ta a can?

Ƙanena ma'aikacin jinya ne, ya samu aiki a wani asibiti a ƙasashen Larabawa, da ya yi kamar shekara ɗaya ya ɗan zauna da gindinsa sai ya kira ni ya ce Yaya ina so a fara shirin turo min iyali. Na ce to Alhamdulillahi, ai abu ne mai sauƙi, a yi wa matar da yaran fasfo, kai kuma ka nemo biza ka turo kuɗin jirgi. Sai ya ce a'a Yaya, cewa suka yi sai na kawo takardar aure da takardun haihuwar yara, kuma dukkansu sai an yi musu tasdiƙi, wato hukumomi su buga musu hatimin tabbatarwa kafin a karɓe su a can. Aure ne fa na shekara shida, an ɗaura shi a masallacin unguwarmu bayan an sauko Juma'a, liman yana nan da ransa, waliyyai suna nan, ni ne ma da hannuna na miƙa sadaki, mutanen da suka shaida sun cika masallaci har waje, ga 'ya'ya biyu Allah ya bayar, amma babu takarda ko ƙwaya ɗaya da ta ce an yi. Kuma abin da na zo na gane daga baya shi ne ko da akwai takardar, ita kaɗai ba za ta iya magana a can ba.

Abin nan yana cin mutanenmu sosai wallahi. Ɗalibi ya samu gurbin karatu a Masar ko Turkiyya ko Malesiya ya rasa shi saboda lokaci ya ƙure yana yawon neman hatimi, likita ya samu aiki a Saudiyya ya yi wata da watanni yana jira, wani mahaifinsa ya rasu a waje ana neman takardar da za ta nuna su ne magada, wani zai ba ɗan'uwansa wakilci ya sayar masa da fili a wata ƙasa. Duk abu ɗaya ne yake tare su. Kuma mafi yawansu ba su san me ake yi wa takardar ba, kawai sun san ana kai ta Abuja ana buga mata abubuwa a baya, shi ya sa ejan yake samun yadda yake so da su.

Ka ɗan sa kanka a kujerar ma'aikacin da ke zaune a wani ofis a Riyad ko Dubai ko Alkahira. An ajiye maka takarda daga wata kotu da ke ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, garin ma ba ka taɓa jin sunansa ba, ba ka san rijistaran da ya sa hannu ba, ba ka san ko akwai kotun ba, hatimin roba kuwa kowa ya san ana sassaƙa shi a bakin kasuwa cikin awa guda. To da me za ka yarda? Hannu ɗaya kawai ka sani a duk faɗin Najeriya, shi ne na jami'in ofishin jakadancin ƙasarku da ke Abuja. Shi kuma wannan jami'in bai san rijistaran ba shi ma, abin da yake da shi a durowarsa shi ne samfurin sa hannu da hatimin wasu 'yan tsirarun jami'ai na Ma'aikatar Harkokin Waje ta Najeriya. Su kuma waɗannan su ne ake sa ran sun san hannun da ke ƙasa da su, na Ma'aikatar Ilimi, na Hukumar Ƙidaya, na kotuna, na 'yan sanda. Kowa yana shaidar wanda ya sani ne kawai, a haka a haka har takardar ta iso hannun wanda bai san kowa ba sai na ƙarshen.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ba zai sha wuyar gane wannan ba. Wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya sai a ce sanadin ya yanke. Haka nan idan ka ɗauki digirinka daga jami'a ka wuce kai tsaye ofishin jakadanci za su dawo maka da shi, ba don sun ce na jabu ne ba, sai don akwai mutum biyu da ka tsallake. Amma a nan ne kuma kamannin da ke tsakaninsu suka ƙare, kuma nan ne wurin da nake so a fi kula. Malaman hadisi suna duba sanadi kuma suna duba matani, wato ita kanta maganar da aka ruwaito. Wannan sarƙa ta hatimai ba ruwanta da matani ko kaɗan. Abu uku kawai take tabbatarwa: sa hannun nan na wane ne da gaske, lokacin da ya sa yana kan wannan muƙamin da gaske, hatimin kuma na ofishin ne da gaske. Ko abin da aka rubuta a ciki gaskiya ne ko ƙarya, ko shekarar haihuwar daidai ce, ko mai digirin ya taɓa shiga aji, hatimin bai ce komai a kai ba. Wasu ofisoshin ma suna rubuta hakan ƙarara a jikin hatimin nasu, cewa ba su ɗauki alhakin abin da ke cikin takardar ba.

Sunayen ma suna rikita mutane. Wani ya ce otentikeshan, wani ligalaizeshan, masu zuwa Dubai da Ƙatar su ce atesteshan, ɗaliban Masar da Saudiyya su ce tasdiƙi, na Sudan su ce tausiƙi. A aikace dai na Ma'aikatar Harkokin Waje shi aka fi kira otentikeshan, na ofishin jakadanci kuma ligalaizeshan. Sai kuma notari, wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne ƙarshen magana saboda jan hatimin nan mai kyau da yake mannawa. Notari lauya ne da Alƙalin Alƙalan Najeriya ya naɗa, sunansa yana rijista a Kotun Ƙoli, aikinsa ya shaida cewa a gabansa ka sa hannu, ko kuma wannan fotokofi daidai take da orijinal ɗin da ya gani da idonsa. Yana da muhimmanci musamman a takardun da kai ka rubuta da kanka kamar takardar wakilci ko izinin uba na a fita da yaro, don shi ne yake mayar da takardar mutum ta zama abin da hukuma za ta iya bi ta kai. Amma shi matakin farko ne. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma suna da irin wannan ruɗanin, don a can in an ce a yi wa takarda legalizasiyon abin da aka saba nufi shi ne ka kai fotokofi ofishin magajin gari ko na 'yan sanda a manna tambur a buga cewa daidai take da ta asali, wannan kuwa na cikin gida ne, wanda zai fita da takarda waje sai ya dangana da Ma'aikatar Harkokin Waje a Yamai sannan ofishin jakadancin ƙasar da za shi.

A Najeriya kowace takarda da ƙofar da take shiga. Ta makaranta, wato satifiket ɗin WAEC ko NECO ko digiri da tiranskirif, sai ta fara bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke Sakatariyar Tarayya a Abuja, daga nan ta wuce sashen shari'a na Ma'aikatar Harkokin Waje a Gidan Tafawa Balewa, sannan ofishin jakadanci. Kuɗin gwamnati ta Remita ake biya, ka riƙe rasit ɗinka. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake so, don tun dokar 1992 ita aka ɗora wa rijistar haihuwa da mutuwa, katin asibiti ko na awo ko wanda ungozoma ta rubuta ba ya cikin lissafi. Babban da ba a yi masa rijista yana yaro ba sai ya je Babbar Kotu ya yi rantsuwar shekaru, da ita hukumar za ta ba shi takardar shaidar haihuwa. Takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da tabon laifi ita kuma tana da gajeren rai, ƙasashe da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce wata uku zuwa shida, irinta ta Nijar da kotu ke bayarwa ma wata uku ne, don haka ita ce ta ƙarshe da ya kamata mutum ya nema, ba ta farko ba. Sannan wasu ƙasashen kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ko ka isa can ba a gama ba, sai ma'aikatar harkokin wajensu ta ƙara nata hatimin a kan na jakadansu.

Mu namu na aure, kotun shari'a muka je da liman da shaidu biyu cikin waɗanda suka halarci ɗaurin auren da waliyyin amarya, aka saurare su aka rubuta takardar. Kafin nan akwai wanda ya ba mu shawara wai mu je rijistar aure ta tarayya kawai a sake ɗaurawa a can don takardarsu ta fi saurin karɓuwa a waje. Allah ya taimake mu wani lauya ya tsayar da mu. Auren da aka ƙulla ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya wani aure ne daban mai nasa hukunci, na mace ɗaya ne, ƙara aure a kansa laifi ne a doka, kuma ba ya rabuwa da saki na baki ko na rubutu sai Babbar Kotu ta raba. Musulmi da yawa sun shiga wannan don neman biza ba tare da wani ya yi musu bayani ba, sai bayan shekaru in maganar ƙarin aure ko rabuwa ko gado ta taso sannan ido ya raina fata. Duk wanda zai yi ya yi da saninsa, ba don wani ejan ya ce ya fi sauri ba.

To amma duk wannan ba shi ne ya fi ba mu wahala ba. Suna ne.

Mu Hausawa ba mu taso da tsarin sunan dangi guda da ake gada ba. Yaro ya shiga firamare malam ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, ya je sakandaren kwana aka tarar masu irin sunan sun kai biyar a aji sai aka liƙa masa sunan garinsu, ya zo jami'a ya ƙara sunan kaka, wurin yin fasfo kuma aka cire na garin. Ga rubutun kansa, Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman, duk mutum ɗaya ne a wurinmu. A'isha, Aishatu, Aisha. Abubakar a Kano, Boubacar a Maraɗi, Bukar a Borno. A gida ba wanda zai ɗaga kai, amma ga ma'aikacin da ke can mutum biyu ne ko uku, kuma kwamfutar da ke gabansa ta fi shi tsauri. A takardun ƙanena sunan mahaifinmu iri biyu ya fito, harafi ɗaya ne ya bambanta, a takardar haihuwar babban yaron kuma sunan uwar an rubuta wanda ake kiranta da shi a gida ba na fasfo ba. Mun kai takardun har matakin ƙarshe, an buga musu hatimi biyu biyu, an biya kuɗi, an yi zuwa Abuja sau biyu, sannan aka dawo mana da su. Kuma ba laifin hatiman ba ne, su sun yi aikinsu, sun tabbatar da cewa jami'in gaskiya ne ya sa hannu a kan sunan da ba daidai ba. Sai da muka koma tun daga tushe aka gyara takardar yaron, aka yi rantsuwa a Babbar Kotu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, aka buga a jarida, ita ma rantsuwar aka bi da ita ta sarƙar, sannan aka sake komai daga farko.

Haka ranar haihuwa. Mutanenmu nawa ne aka rubuta musu 1 ga Janairu don babu wanda ya riƙe ranar, wasu aka rage musu shekara biyu lokacin jarrabawa, sai ya zama WAEC ta ce wata shekara, NIN ta ce wata, fasfo kuma yanzu dole ya bi abin da ke NIN. Shi ya sa kullum in wani ya tambaye ni ta ina zai fara, ba na ce masa Abuja. Cewa nake ka shimfiɗa tabarma ka baje duk takardunka, ka ajiye fasfo a tsakiya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya harafi harafi da lamba lamba. Wanda ya saɓa a gyara shi a inda aka yi shi tun kafin a kashe ko sisi a kan hatimi. Sai ka nemi jerin abin da ake buƙata daga bakin wanda zai karɓi takardar a can, jami'ar ko asibitin ko hukumar shige da fice, a rubuce, don kowace ƙasa da nata, wani lokacin ma ofis biyu a ƙasa ɗaya ba sa neman abu ɗaya. A nan za ka ji ko orijinal suke so a buga wa ko kofi, ko sai an fassara zuwa Larabci ko Turkanci ko Faransanci, da kuma wane mai fassara suka yarda da shi, don wasu ofisoshin jakadancin suna da nasu jerin, fassarar malamin Larabcin unguwa komai iyawarsa ba za su karɓa ba. Kuma don Allah a daina yi wa satifiket laminatin. Na san don tsoron ruwa da gara ake yi, amma hatimi ba ya zama a kan leda kuma ofisoshi da yawa ba sa karɓa saboda ba za su iya taɓa takardar su duba ba.

Duniya ta daɗe da ganin cewa wannan doguwar hanya wahala ce. Ranar 5 ga Oktoban 1961 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Heg na ƙasar Holan, ta fara aiki a 1965, wadda ta ce tsakanin ƙasashen da suka shiga an soke matakin ofishin jakadanci gaba ɗaya. Ƙasar da ta bayar da takarda za ta naɗa hukumar da za ta manna mata shaida guda ɗaya da ake kira apostil, shi ke nan duk sauran ƙasashen yarjejeniyar za su karɓa. Siffarsa ɗaya ce a ko'ina, gurabe goma masu lamba, ƙasa, wanda ya sa hannu, muƙaminsa, hatimin, wuri, rana, da sauransu, taken da ke samansa kuma dole a rubuta shi da Faransanci ko a wace ƙasa aka yi, don ma'aikacin da bai iya yaren ba ya gane shi da gani. Ƙasashen da ke ciki yanzu sun haura 120. Ingila da Faransa da Amurka da Turkiyya da Indiya duk suna ciki tun tuni, Saudiyya ta fara aiki da shi a Disambar 2022, Sin a Nuwambar 2023, Kanada a Janairun 2024. A Afirka akwai Afirka ta Kudu, Maroko tun 2016, Tunisiya 2018, Senegal 2023, Ruwanda 2024. Najeriya ba ta ciki, Nijar ma haka, haka Kamaru da Chadi da Sudan.

Abin lura shi ne apostil a ƙasar da ta haifi takardar ake yin sa, kuma sai ƙasashen biyu duk suna ciki yake aiki. Shigar Saudiyya ba ta sauƙaƙa wa mai digirin Jami'ar Bayero ta Kano ko na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai komai ba, hanyarsa tana nan yadda take. Amma ɗan Kano da ya yi digiri na biyu a Ingila ko Indiya ya samu aiki a Jidda, wannan takardar tasa ta can tana iya tafiya da apostil, ta farkon da ya yi a gida kuma ta bi doguwar hanya, mutum ɗaya takardu biyu hanya biyu. Saboda haka duk ejan ɗin da ya ce maka kawo kuɗi zai yi wa digirinka na Najeriya apostil a Abuja, ko dai bai san abin da yake faɗa ba ko kuma cutar ka zai yi, don babu hukumar da ke da ikon bayar da shi a nan.

Ni ina cikin masu ganin ya kamata Najeriya ta shiga. Ƙasar da 'ya'yanta suke fita karatu da aiki kamar tamu bai dace a ce yaro daga Gashuwa ko Illela sai ya kwana a tashar mota a Abuja yana jiran layin ofis uku ba. Amma ba zan yaudari kowa in ce sa hannu a yarjejeniya kaɗai zai warware ba. Ita kanta yarjejeniyar ta ba tsofaffin mambobi wata shida su ce ba su yarda da sabon shiga ba, in suka ce haka to ba ta aiki tsakaninsu da shi, kuma ana yi, Jamus ta yi wa Indiya haka da wasu ƙasashen da dama. Mu kuwa Jamus ɗin ma ta riga ta nuna matsayinta, don ofisoshin jakadancinta a Najeriya sun daɗe da daina buga hatimin ligalaizeshan a kan takardunmu, abin da suke yi shi ne su tura lauyan da suka amince da shi ya je har inda aka ce an bayar da takardar ya buɗe rijista ya gani, ya tambayi dangi da maƙwabta, mai takardar ne zai biya kuma abin yana cin watanni. Wato sun ce sanadin namu bai ishe su ba, sai sun duba matanin da kansu. Abin da zafi, amma ka tuna abin da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa a ƙarshen Disambar 2023, yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida bai taɓa zama a aji ba, kuma ya shiga bautar ƙasa da shi. Cikin kwanaki gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a farkon Janairun 2024, daga baya ministan ilimi na lokacin Farfesa Tahir Mamman ya ce an gano sama da mutum dubu 22 da ke yawo da irin waɗannan takardu. Digirin nan fa yana da sa hannu yana da hatimi. Wanda ya sha wahalar abin kuma shi ne yaron da ya je Kwatano ya yi karatunsa tsakani da Allah shekara huɗu, da kuma duk wani ɗan Najeriya da zai miƙa takarda a wata taga a waje a dube shi sau biyu.

Wannan ne ma ya sa wasu wuraren suka ƙirƙiro hanyar da ba ta bi ta hatimi sam, kuma mutane suna haɗa ta da wadda muke magana a kai alhali daban suke. Likita ko nas ko mai haɗa magani da zai yi aiki a Saudiyya ko sauran ƙasashen Tekun Fasha zai ji ana cewa DataFlow, kamfani ne da yake tuntuɓar makarantar da hukumar da ta ba ka lasisi da asibitin da ka ce ka yi aiki kai tsaye ya tambaye su ko sun san ka. Mai zuwa Kanada ko Amurka zai ji WES, su kuma auna digirin suke yi su faɗi daidai da me yake a tsarin can, kuma tiranskirif daga jami'a suke so ya zo musu ba daga hannunka ba. Ɗalibin da zai shiga Azhar zai ji mu'adala, wato auna takardarsa da tsarin karatun can. Wanda ya yi karatu a waje ya dawo gida shi ma sai Ma'aikatar Ilimi ta auna takardarsa kafin bautar ƙasa. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya, ƙanena duka biyun ya yi, DataFlow don lasisin aiki, hatimai don biza da zama. Kuma a irin wannan binciken abin da yake kashe mutanenmu shi ne a aika wa makaranta saƙo a yi wata biyu ba wanda ya buɗe imel ɗin, sai mai takarda ya tashi ɗan'uwansa ya je ofishin rijistara yana roƙo a amsa.

Maganar ejan kuma, ba na ce duk macuta ne ba. Mutumin da ke Sakkwato ko Damaturu ba kullum zai iya barin aikinsa ya tare a Abuja ba, akwai masu yin aikin da amana suna karɓar ladan zirga-zirgarsu. Amma akwai masu buga hatimin jabu a kan takardar gaskiya, kuma wannan ita ce asara mafi muni, don ranar da aka gane ba ejan za a kama ba, sunanka ne a jiki, a hana ka biza a rubuta ka cikin masu takardun bogi alhali da guminka ka samu digirin. Duk wanda ka ba aiki ka ce ya kawo maka rasit ɗin Remita da na ofishin jakadanci da sunanka a kai, in ya ce a ranar zai gama maka ofis uku ka karɓi takardunka ka yi gaba.

Mu dai sai da muka yi kusan wata biyar kafin matar ƙanena da yaran suka tashi. Na riƙe takardar auren a hannuna daren da za su tafi ina juya ta, gabanta rubutu ne layi kaɗan da sa hannun alƙali, bayanta kuwa babu sauran wurin da za a sa yatsa, hatimi shuɗi, hatimi ja, sitika mai ƙyalli, ga fassarar Larabci an ɗinke ta a jiki. Bara Allah ya ba su ta uku a can, mace. Da ya kira ni yana faɗa min suna, bayan na yi masa barka na ce kafin komai ka duba yadda suka rubuta sunanka da na uwarta a takardar asibitin, ka gwada da fasfo, da Larabcin da na bokon duka. Ya ce ai Yaya tun a ɗakin haihuwa na duba, har na sa sun gyara harafi ɗaya. Yanzu takardar yarinyar ce take bin hanyar ta juye, daga hukumar da ta yi mata rijista zuwa ma'aikatar harkokin wajensu, daga nan ofishin jakadancin Najeriya, kafin a yi mata fasfon da za ta zo gida da shi kakarta ta gan ta.